Tef ɗin tela ba ya ɓoye tumbi: yadda na rage ƙiba da abincin gidanmu

Shekara 22 ke nan ina ɗinki a kasuwar Wunti, a nan cikin garin Bauchi. Ina da littattafan awo guda bakwai a ƙarƙashin tebur, kowane kwastoma da shafinsa. In ka buɗe shafin mutum ɗaya za ka ga tsawon riga yana nan yadda yake, hannu yana nan, kafaɗa tana nan, sai lambar ƙugu kaɗai ake ta sokewa ana rubuta wata: 34, 36, 39, 42. Wasu daga cikin masu waɗannan shafuka yanzu 'ya'yansu ne ke kawo musu ɗinki, domin ɓarin jikinsu ya shanye. Wasu ciwon suga ya taɓa musu ido ko ƙafa. Rai da ajali a hannun Allah suke, amma wanda ya daɗe yana riƙe da tef ba zai kasa lura da abin da ke maimaita kansa a gabansa ba.

Nawa awon ne ban taɓa ɗauka ba. Wandonmu na zariya ne, in ciki ya ƙaru sai ka sassauta, kaftani ya rufe, babbar riga ta ƙara rufewa. Ga shi kuma a wajenmu in mutum ya ajiye tumbi cewa ake yi hutu ya karɓe shi. Ranar da abin ya fito fili, ƙanwata ce, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta zo gaishe da Inna da na'urar awon jini a jakarta. Ta auna Inna, ta juyo ta ce, "Yaya, kawo hannunka." Na ce lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ba na yi. Ta auna sau biyu, ta yi shiru, sannan ta juyo mini da na'urar: 158 bisa 98. Ta ce daga 140 bisa 90 ake kiransa hawan jini, kuma yawanci ba ya sallama kafin ya shigo. A makon na je asibiti, aka sake aunawa a ranaku daban-daban, aka tabbatar, aka ɗora ni a kan magani. Nauyina kilo 94, ƙuguna inci 43.

Yau, bayan wata 14, kilona 83, ƙuguna inci 37. Ban sayi shayin rage ƙiba ba, ban daina cin tuwo ba, ban daina cin masa ba. Ga yadda na bi, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Fara da awo

Ka samu tef na ɗinki, ko'ina ana sayar da shi. Amma kada ka auna yadda mu teloli muke auna wando, wato ƙasa da tumbi inda zariya ke zama. Wannan awon yana yaudara, mai tumbin inci 44 zai iya sa wando mai 38. Ka tsaya a miƙe da safe kafin ka karya, ka laluba haƙarƙarinka na ƙarshe da saman ƙashin ƙugunka, ka zagaya tef a tsakaninsu, wajen saitin cibiya. Ka saki numfashi yadda ka saba, kada ka shanye ciki, kada ka matse tef. Ga namiji, daga inci 37, wato santimita 94, haɗari ya fara, in ya kai 40 ya yi yawa sosai. Ga mace daga inci 31 da rabi, wato santimita 80.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, ita nake nuna wa mutane a shago. Ka yanki zare daidai tsawonka daga ƙafa zuwa ka, ka ninka shi biyu, ka zagaya cikinka da shi. In bakin zaren ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, akwai aiki. Ƙa'idar ita ce ƙugu kada ya wuce rabin tsawon mutum. Ni tsawona inci 68 ne, ke nan 34 nake nema.

Dalilin da ya sa ake damuwa da ciki fiye da cinya ko hannu shi ne, kitsen tumbi ba a ƙarƙashin fata kaɗai yake ba. Yana lulluɓe hanta da hanji, irin wanda kake gani in an farke cikin ragon layya mai ƙiba. Wannan kitsen yana hana sinadarin insulin yin aikinsa na kwashe suga daga jini, yana kuma da hannu a hawan jini da ciwon zuciya. Ka rubuta lambarka a takarda da kwanan wata. Ka je a auna maka jini, a kuma duba suganka da safe kafin ka ci komai. In ya kai 126 a ma'aunin da aka fi amfani da shi, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, sai an sake gwadawa a tabbatar ko ciwon suga ne. Tsakanin 100 da 125 a ma'aunin farko gargaɗi ne, kuma a nan ne gyara ya fi amfani.

Abin sha ya fi komai saurin gyaruwa

Da na zauna na lissafa abin da nake sha a rana sai jikina ya yi sanyi. Da safe shayi mai kauri a wajen mai shayi, cokali uku na sukari ban da madara. Da rana in zafi ya taso, lemon roba mai sanyi. Da la'asar zoɓo ko kunun zaƙi, shi ma an zuba masa sukari har yana kama leɓe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babba, wato ƙaramin cokali 12, kuma in an tsaya a 6 ya fi. Yawancin lemon roba mai rabin lita shi kaɗai ya kai wannan giram 50 ɗin. Kuma abin sha ba ya tsayawa a ciki, ka sha ka kuma ci abincinka cif.

Lemo na bari gaba ɗaya, rana ɗaya. Shayi kuwa a hankali na bi shi: mako biyu ina shan cokali biyu, mako biyu cokali ɗaya, yanzu rabin cokali da citta da kanumfari. Zoɓo uwargida ke dafa mini a gida da citta da ɓawon abarba, babu sukari, in zuba a gora in tafi da shi shago. An ga yana ɗan sauke hawan jini kaɗan, amma kada wani ya ajiye maganinsa ya ce zoɓo ya isa. Fura da nono ina sha, ba na sa sukari, tsamin nonon ma ya fi fitowa. Wani abu da nake so a ji da kyau: zuma ma zaƙi ce, jiki yana lissafa ta a matsayin sukari. Na ga masu ciwon suga suna kwarara ta a kunu wai ai magani ce. Ga wanda sugansa ke hawa, cokali huɗu na zuma cokali huɗu ne.

Masa, garau-garau da malmala

Ba za ka ce wa mutumin Bauchi ya bar masa ya saurare ka ba, kuma ni ma ban bari ba. Amma mu faɗi gaskiya a kanta. Farar shinkafa ce aka niƙa, aka sa sukari a ƙullun, aka soya a tanda da mai, wasu kuma su sake barbaɗa sukari ko su kwarara man shanu a kai. Da ina cin takwas a zama ɗaya. Yanzu uku nake ci, sau biyu a mako, da miyar taushe mai yawan kabewa da alayyafo, yadda miyar za ta fi masar yawa a kwano. Sauran ranakun alale ne, ko dafaffen ƙwai biyu da koko marar sukari, ko ɗumamen tuwo ɗan kaɗan. Ƙosai ma yana da kyau ta wajen wake, matsalarsa man da yake sha.

Mai shi ne ɓarawon da ba a gani. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da ƙarfin abinci kimanin kalori 120, kuma mu ba da cokali muke zubawa ba, da ludayi ne ko a tuntsura kwalba. Dubi garau-garau, abincin ranar yawancin 'yan kasuwa: tulin shinkafa, wake jefi-jefi, mai yana kwance a ƙasan kwano. Na ce wa mai abincin da nake saye a wajenta, "Hajiya, ki juya mini lissafin, wake ya fi yawa, shinkafa ta zama rakiya, mai cokali ɗaya." Ta yi dariya ranar farko, yanzu da ta hango yarona ta san kwanon da za ta haɗa. Ina ƙara kabeji da tumatir da gurji a kai. Wake yana riƙe ciki har magariba, kuma ba ya ɗaga suga da sauri kamar farar shinkafa.

Tuwon dare shi ne inda na fi shan wahala, don haka bari in daɗe a kansa. A layinmu muna ciyayya, bayan isha'i kowa ya fito da kwanonsa ƙofar gida, a ci na wannan a koma na wancan. Zumunci ne mai daɗi kuma ba zan bar shi ba, amma a irin wannan zama ba ka taɓa sanin yawan abin da ka ci. Malmala biyu a gidanka, loma biyar a na maƙwabci, loma biyar a na gaba. Abin da na yi shi ne, ina fitowa da ƙaramin faranti, in gutsuri tuwo daidai dunƙulen hannuna in sa, in cika sauran wurin da miya, in ya ƙare in wanke hannu in ci gaba da hira. Makon farko sai da aka yi ta tsokana, "Malam, ko an yi faɗa da uwargida ne?" Na gaya musu lambar da na'ura ta nuna. Yanzu mu uku ne masu faranti.

Tsarin farantin da ƙanwata ta zana mini a bayan littafin awo shi ne: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu tuwo ko shinkafa ko doya, kashi ɗayan kuma wake ko kifi ko ƙwai ko nama. Ganye kuwa Allah ya hore mana, ga zogale, ga rama, ga yakuwa, ga alayyafo, ga kuɓewa ɗanya, ga kabewa. Kwaɗon zogale da ɗan ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa abinci ne sosai, a dai sassauta masa mai. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana. In ka bi ta kasuwar Muda Lawal da yamma ka sayi kankana ko gwanda ko gwaiba ko lemon zaƙi, ka ci shi yadda yake, kada a matse a tace.

Hatsi kuma, tuwon dawa ko na gero ko na masara da ba a surfe shi har ya yi fari tas ba ya fi, domin dusar nan da muke ba awaki ita ke rage saurin shigar suga jini. Acca da ake kawowa daga wajen Tafawa Ɓalewa da Bogoro tana da kyau, gwatenta da ganye ma ya fi. Sai dai a nan ina da ja da abin da ake yaɗawa. Mutane sun ɗauka acca da alkama magani ne, mai ciwon suga ya cika kwano da tuwon alkama ya ce ai an halatta masa. Su ma hatsi ne, tuli tuli ne ko na mene ne. Kuma in da hali a ci tuwon bayan magariba, kada a ci ƙarfe goma a faɗa shimfiɗa. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya raba mana ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi. Mun haddace shi tun muna yara, farantin nan ne ya sa na fara aiki da shi.

Gishiri: wannan aikin ba naka kai kaɗai ba ne

Mai hawan jini ba zai gyaru ba sai mai riƙe da tukunya ta yarda. Ƙa'idar ita ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne. Yajin tsire da yajin garau-garau akwai gishiri da dunƙule a ciki. Ƙunshin sinadarin taliyar leda gishiri ne. Burodi yana da shi. Kanwa da ake sa wa wake da miyar kuka ita ma tana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne abin da ke ɗaga jini a cikin gishiri.

Na zauna da uwargida ba da faɗa ba, na nuna mata katin asibiti. Ta ce, "Malam, in na rage yara za su ce miyar lami ce." Muka yi shawara a bi a hankali. Tana sa dunƙule shida a tukunya, ta koma biyar, bayan mako biyu huɗu, yanzu biyu take sawa. Ta ƙara daddawa, tafarnuwa, citta, albasa mai yawa, busasshen kifi, wani lokaci masoro da kimba. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har yanzu in na ci abincin biki sai in ji gishiri yana yankar baki. Wake kuma in an jiƙa shi tun dare yana nuna ba sai an sa kanwa ba. Allah ya saka mata da alheri, rabin inci shidan nan nata ne.

Tafiya

Tela yana zaune ne daga safe har dare, kuma tun da muka koma keke mai mota ko ƙafar ma ba ta motsi. Abin da ake so ga babba shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsin da zai sa zuciya ta ɗan buga, wato minti 30 sau biyar. Na ajiye babur a gida kwana biyar a mako, ina takawa zuwa shago, minti 35. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya amsa gaisuwa amma ba za ka iya jan dogon karatu ba. Lokacin bazara, watan Maris da Afrilu, nakan fita bayan asuba kafin rana ta buɗe, da gorar ruwa a hannu. Da hunturu in rufe hanci saboda ƙura. A shago kuma duk awa ɗaya nakan miƙe, ni nake zuwa sayen zare da maɓalli yanzu maimakon in aiki yaro. Matan da ba sa fita sosai, zagaya tsakar gida da sauri minti goma sau uku a rana ya shiga lissafi.

Ƙanwata ta ba ni labarin wani bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, a kan mutane sama da 3,000 da sugansu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Kashi bakwai na kilo 94 bai kai kilo bakwai ba. Jin haka ne ya kwantar mini da hankali, na gane ba sai na koma kamar saurayi ba kafin jikina ya amfana. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne iyakar saurin da ake so, ni ko hakan ban kai ba.

Inda ake tuntuɓe

Azumi ya kayar da ni a shekarar farko. Goman ƙarshe tela ba ya barci, ɗinkin sallah ya taru, ana buɗe baki da kunu da ƙosai da soyayyen dankali, a kwana ana shan shayi mai sukari don ido ya buɗe. Na fito da ƙarin kilo biyu. Rashin barci kansa yana ƙara yunwa yana kuma ɗaga jini, babba yana buƙatar awa bakwai. Bana na rage karɓar ɗinki tun tsakiyar Sha'aban, na yi asarar wasu kuɗi, amma na yi barci. Buɗe baki dabino uku da ruwa, in yi salla, sannan faranti ɗaya. Da babbar sallah ina cin nama, ina dai cire kitse, kuma na fi son gashi da farfesu a kan suya. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura, ya ga likitansa kafin azumi, na farilla ko na Litinin da Alhamis.

Sai maganar mutane. Da na sauke kilo shida Inna ta kira ni ɗaki ta ce, "Kai, gaya mini gaskiya, me ke damunka? Ka rame." Hankalinta ya tashi da gaske, domin a saninta rama alamar ciwo ce ko bashi. Sai da ƙanwata ta zo ta auna ni a gabanta, ta ga 128 bisa 82, aka yi mata bayani, sannan ta sa albarka. Kuma tsoronta yana da tushe. Ramar da mutum bai nema ba abin dubawa ce. In kana ramewa ga ƙishirwa ga yawan fitsari, a duba suga. In da tari fiye da mako biyu da zufar dare, a duba tarin fuka. Mai ciki da mai shayarwa kuma ba lokacin rage ƙiba ba ne sai da shawarar asibiti.

Shayin rage tumbi da ake tallarsa a waya da cikin mota, da yawansu maganin gudawa ne irin filasko. Ruwa kake zubarwa, sikeli ya nuna ka ragu, kwana uku ya dawo, kitsen yana nan inda yake. A ɗaya gefen kuma ga 'yan matanmu da ke shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi jiki kafin biki. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna kumbura fuska, suna ɗaga suga da jini, suna raunana garkuwar jiki. Ina roƙon iyaye mata su sa ido.

Maganin hawan jinina ina sha kullum da safe, ko da na'ura ta nuna lamba mai kyau, domin da maganin ne ta yi kyau. Likita ya rage mini shi sau ɗaya, shi ya rage, ba ni ba. In ka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe, a ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko a ce a bari zuwa safe.

Na buɗe wa kaina shafi a littafi na bakwai. Duk Juma'a ta biyu, kafin in karya, nakan zagaya tef in rubuta lamba da kwanan wata, sikeli kuma sau ɗaya a wata a kemis ɗin layinmu, tare da awon jini. Akwai lokacin da lambar ta tsaya cak a 39 har mako shida, na duba na ga gyaɗa ce da nake ta ci a shago ba lissafi, na mayar da ita tafin hannu ɗaya a rana, ta ci gaba da sauka. Wandunana na shadda guda biyar na rage musu ƙugu da hannuna. Saura inci uku zaren ya haɗu.